Na faɗi a babur, hular kwanona ta cire tun kafin in kai ƙasa: me ke rage rauni da gaske?

Mai Jan Babur:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawarar masu sani. Yau sati uku kenan da na yi hatsari a babur ɗina, yanzu haka da hannun hagu nake wannan rubutun don na dama har yanzu a naɗe yake. Ina tafe da yamma wajen ƙarfe biyar, titi ba cunkoso, gudun da nake bai wuce kilomita 50 a awa ba, sai wata mota da ke tahowa ta gabana kawai ta karya kwana ta shigo hannuna za ta shiga wani layi, wallahi ban san sanda na danne birkin baya ba, taya ta ja, babur ya karkace, na daki ƙofar motar ta baya na wuntsila kan kwalta. Da hular kwano a kaina amma ban ɗaure igiyar ba saboda zafi kuma tafiyar ba nisa, to hular ta riga ni isa ƙasa, sai can gefen titi wani yaro ya tsinto min ita. An min ɗinki shida a haɓa, fatar tafin hannu ta saɓule, ƙashin idon sawu ya tsage don silifas ne a ƙafata.

Direban da ya fito abu ɗaya yake ta maimaitawa, "wallahi ban gan ka ba", kuma na ga alamar da gaske yake don jikinsa har rawa yake. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce Allah ya tsare gaba, amin na gode, amma ni babur ɗin nan da shi nake zuwa aiki, da shi nake kai yara makaranta, in na warke dole in sake hawa. To me zan canza? Hular nan ba ta fashe ba sai ɗan ƙarzuwa a gefe, zan iya ci gaba da sa ta? Kuma ta yaya mutum da idonsa biyu da rana tsaka zai ce bai ga babur ba?

Malamar Jinya:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Na daɗe ina aiki a sashen da ake kawo masu hatsari, kuma maganar igiyar nan ita ce ta fi ci min rai, don sau nawa ake shigo mana da mutum kai a fashe wani na biye da shi riƙe da hularsa lafiya lau. Hular da ba a ɗaure ba tun bugun farko take tashi, alhali bugun da ke kisa sau da yawa na biyun ne, sanda kai ya haɗu da kwalta ko bakin kwalbati. Ka ɗaure yadda yatsa biyu ne kawai za su iya shiga tsakanin igiyar da haɓarka, sannan ka sa hannu ta ƙeya ka gwada turo hular gaba, in ta fita to ta maka yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin 100, kuma ka lura da kalmar daidai ɗin nan. Kai da aka yi wa ɗinki a haɓa ina ganin ba sai na ce maka ka nemi mai rufe fuska gaba ɗaya har haɓa ba. Yaran da kake ɗauka su ma kowanne da tasa daidai kansa, ba ta babba ba da za ta dinga yawo a kai.

Hannu da ƙafa kuwa kullum su ne. Ɗan adam in zai faɗi hannu yake fara kaiwa ƙasa, ba ya ma tunani, shi ya sa safar hannu ta fata mai kauri take da amfani, da takalmi sau-ciki wanda ya rufe idon sawu. Ciwon ƙarzuwar kwalta mutane na raina shi amma wanke shi azaba ne, sai an bi an tsince yashi da ƙananan tsakuwa daga cikin nama, in ba haka ba ya yi ruwa.

Bari in ƙara wani abu don masu karantawa, saboda wani lokacin masu taimako ne ke ƙarasa mutum ba da niyya ba. In kun tarar da wanda ya faɗi kada ku ɗauke shi cak, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa kai na reto, in akwai tsagewa a ƙashin wuya ɗaukar nan ce za ta shanye masa jiki har abada. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu kada ya motsa, wani ya tsayar da motoci, wani ya kira taimako. Kada a fizge hular sai in ba ya numfashi ko amai na neman shaƙe shi. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta a ci gaba da dannewa, kuma kada a ɗura masa ruwa. Sannan wanda ya bugu a kai ko da ya miƙe yana cewa lafiyata ƙalau a kai shi asibiti, akwai zubar jini a cikin ƙoƙon kai da mutum zai yi awanni yana hira da mutane kafin ya fara ciwon kai da amai da barci mai nauyi, na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba.

Bakanike:

Sannu malam, Allah ya ba da lafiya. Hular nan ka haƙura da ita. Aikin hula ba a roban waje yake ba, farin soson nan mai tauri da ke ciki shi ne yake murƙushewa ya shanye bugu a madadin kanka, kuma in ya murƙushe sau ɗaya ba ya dawowa, waje zai nuna maka lafiya ciki kuwa ya gama aiki. Za ka ce ai ba kanka a ciki sanda ta daki ƙasa, to amma ka ce ka daki mota tukunna, wa ya san ko da ita ka daka. In za ka sayi sabuwa ka duba tambarin gwaji, ECE na Turai ko DOT na Amurka, sannan ka taɓa soson da hannunka ka ji kaurinsa don akwai na jabu da sitika kawai aka manna, in ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar kwanon roba ajiye musu kayansu.

Amma ni inda na fi tsayawa a labarinka shi ne birki. Ka ce na baya ka danne, haka mafi yawan masu kawo min gyara suke, sai in ga takalmin birkin baya ya cinye tas na gaba kuwa kamar jiya aka sa, wasu ma cewa suke in sassauta musu na gaban wai yana kayar da mutum. Alhali in ka ja birki nauyin babur da naka gaba yake komawa, tayar gaba ce ke danne ƙasa, kusan kashi 70 cikin 100 na tsayuwa daga gaba take zuwa, ta baya kuwa tunda nauyi ya bar ta nan da nan take kullewa ta ja. Abin da ke kayar da mutum damƙar birkin gaba lokaci ɗaya ne, musamman a kwana ko kan yashi. Matsawa ake a hankali da farko sannan a ƙara ƙarfi, gaba da baya tare, kuma wannan ba a ranar hatsari ake koyonsa ba, ka samu fili mara mutane ka yi ta gwadawa da ƙaramin gudu har hannunka ya saba da kansa. In kana da halin babur mai ABS ya fi, shi ne na'urar da ke hana taya kullewa, a Tarayyar Turai da Indiya doka ce ma a sa shi a sababbin babura da girman injinsu ya wuce cc 125. Ka duba tayoyinka kuma, taya in ta suɗe ko iskarta ba daidai ba ko birkin waye sai ta ja.

Tsohon Direba:

Yaro sannu da jiki. Ni babbar mota na tuƙa shekaru masu yawa, bari in amsa maka tambayarka ta ƙarshe, ba don in wanke direban ba, laifinsa ne, hannunka ne ya shiga. Direba in zai karya kwana idonsa motoci yake nema, abu mai faɗi, babur kuwa siriri ne, in yana tahowa kai tsaye sai ka ga kamar yana nesa kuma kamar ba ya gudu, ga ƙarfen gefen gilashin gaba shi kaɗai ya isa ya ɓoye babur da mai shi na daƙiƙa ɗaya, kuma daƙiƙar nan ce direba ya kalla ya yanke shawara. Don haka duk inda ka ga mahaɗa, ko mota ta rage gudu a tsakiyar titi ko da ba ta sa tirafiketa ba, ka saki totur ka ɗora yatsu kan birki, ka kalli tayarta ta gaba don ita ce ke fara nuna inda za ta, kada ka dogara da cewa kun haɗa ido. Fitila a kunne ko da rana. Babbar mota kuwa in ba ka hango fuskata a madubina ba to ni ma ban gan ka ba, kuma dan Allah kada ku dinga kutsawa ta cikin kwana sanda tirela ke juyawa, kan motar waje yake buɗewa amma tayoyin baya ciki suke yankowa.

Mai Bibiyar Bincike:

Abin da baba direba ya faɗa an daɗe da tabbatar da shi. A Amurka wani mai bincike Harry Hurt da tawagarsa sun bi hatsarin babur 900 a yankin Los Anjeles, suna zuwa wajen da abin ya faru suna aune-aune, rahoton ya fito a 1981. Sun gano kusan kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a cikin waɗannan kashi biyu cikin uku ɗaya direban ne ya shiga hannun mai babur, sannan yawanci ƙasa da daƙiƙa biyu mai babur ke da ita ya yi duk abin da zai yi. Har kuskuren danne birkin baya da barin na gaba sun ambata. Ka ga labarinka kenan sak, shekara 40 da ɗoriya kafin ya faru da kai. Wani bincike a Niyu Zilan da aka buga a 2004 kuma ya nuna masu sa riga mai ƙyalli haɗarinsu ya yi ƙasa da kashi 37 cikin 100, masu farar hula kuma kashi 24 in aka kwatanta da masu baƙa.

Sai dai ban yarda da kai ba da kake ganin 50 ba gudu ba ne. Karo a kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wajen bene hawa uku, kuma ƙarfin bugu ba ɗaya-ɗaya yake ƙaruwa ba, in ka ninka gudu biyu bugun ninki huɗu yake. A 50 ɗin nan kana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa, kafin ma hannunka ya kai birki ka cinye tsawon motoci uku. Da a 35 ka iso mahaɗar nan wataƙila da tsayawa kawai za ka yi ka yi masa faɗa.

Ita kanta hular kwanon daga hatsari aka koyo ta. A 1935 wani sanannen sojan Ingila T. E. Lawrence ya faɗi a babur ya mutu da raunin kai, ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya ɗauki abin da zafi ya shiga bibiyar mutuwar sojoji masu kai saƙo a babur, har a 1941 rundunar sojan Ingila ta tilasta musu sa hula. Biyetnam kuma a Disambar 2007 ta fara aiki da dokar hula ga kowa a kowane titi, cikin ɗan lokaci masu sawa suka haura kashi 90 cikin 100. Abin da nake so in ce, ba mai babur kaɗai ne zai koyi darasi ba, a Suwidin tun 1997 suka ɗauki tsarin cewa ɗan adam dole ya yi kuskure, don haka titin ne za a gina yadda kuskure ba zai zama ajali ba, in wuri ɗaya ana ta faɗuwa sai a je a duba wurin. Mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a titunan duniya duk shekara, kuma hatsarin titi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Mai Jan Babur:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Malam bakanike bayan na karanta naka na sa an miƙo min hular, na zare yadin ciki, wallahi ga tsaga nan a farin soson ta gefen dama tsawon ɗan yatsa, kuma wajen ya lotsa, kenan da ita na daki motar kafin ta tashi. Na yanke igiyar da almakashi don kada wani ya tsinta ya sa. Na kuma tambayi masu shaguna a bakin mahaɗar ta waya, sun ce ni ne na uku da ya faɗi a wajen cikin watannin nan, akwai wani allon talla da ke tare wa mai juyowa gani, in na samu ƙafa za mu rubuta wa hukumar da abin ya shafa. Anti malamar jinya tambaya ɗaya, tun ranar nake ɗan jin jiri in na miƙe da sauri, da ciwon kai da safe, na ɗauka maganin da nake sha ne.

Malamar Jinya:

Ɗan'uwa kada ka jira ranar da aka ba ka ta komawa, ka je yau ɗin nan, ka gaya wa likita ka bugu a kai sati uku da suka wuce kuma hula ta cire, ka faɗa masa maganar jirin da ciwon kan yadda ka faɗa min. Akwai jinin da ke taruwa a hankali sai bayan makonni yake nuna kansa, hoton kai ne zai raba gardama. Ka samu wanda zai kai ka a mota, kuma in ka fito ka leƙo ka sanar da mu.