Kafin ka kai motar gareji, jira kamfanin inshora tukuna

Kan tambayar me za ka yi in motarka ta yi hatsari kuma kana son inshora ta biya gyaran, abin da kusan kowa ya nanata shi ne kar ka bari fanel-bita ya taɓa motar kafin kamfanin inshora su turo mai duba ɓarnar, don da yawa a nan suke rasa kuɗinsu, an riga an buga bamba an yi fenti sai kamfani su ce ba su ga komai ba. Ɗauki hoto tun a wurin hatsarin, lambar motar ta fito sosai, da fitilar da ta fashe, ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfanin da wuri.

Wasu sun ce a kai kiyasin bakanike a rubuce, kuma amincewar kamfanin ma a karɓe ta a rubuce, ni ma nan na tsaya, maganar waya ba hujja ba ce wallahi.

Amma fa duba irin inshorar da kake da ita. Ta dubu 15 ɗin nan, wato third party, motar wanda ka buge take biya, taka sai comprehensive, wato cikakkiyar inshora. In kamfanin sun yi ta jan ƙafa, kai ƙara NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a Najeriya.