Wace kalma za mu ba wa "phase transition" a kimiyyar kristal, wato daskararrun abubuwan da ƙwayoyinsu ke jere bisa tsari?

1/ 'Yan'uwa malaman kimiyya da masu fassara, ku zo mu daidaita wannan. Na ga wasu na rubuta "sauyin yanayi". Don Allah mu bar ta, masu maganar ɗumamar duniya sun riga mu kama ta, ɗalibi zai rikice.

2/ Mu fara ganin abin da kansa. Akwai wani sinadari, MIL-53, da ƙungiyar Gérard Férey ta haɗa a Basai (Versailles) ta Faransa, suka bayyana shi a 2002. Raga ce: ƙwayoyin ƙarfe a jere, an ɗaure su da sinadarin nan da ake yin robar ruwan sha da shi, tsakani kuma ramuka. Irin waɗannan ragogi ne suka jawo wa Kitagawa da Robson da Yaghi kyautar Nobel a 2025.

3/ Nau'insa mai alminiyam, in aka sanyaya shi zuwa wajen digiri 125 zuwa 150 a ma'aunin Kelbin (wato fiye da digiri 120 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos), sai ramukan su tsuke, kamar ƙofar ƙarfe ta shago da ake turawa ta tattare. Ba ƙwayar da ta fita, ba wadda ta shiga, ɗaurin ma bai tsinke ba. Abin da ya fi burge ni: in ka fara ɗumama shi, ba ya buɗewa a digirin da ya rufe. Sai zafi ya kai 325 zuwa 375, wato ya zarce na tsakar rana a bazara.

4/ "Rikiɗa" ta ja hankalina, amma mai rikiɗa wani abu daban yake komawa. Nan kuwa sinadarin na nan yadda yake. "Canjin hali" kuma ta fi kama da maganar tarbiyya.

5/ Ni dai na tsaya a kan SAUYIN ZUBI. Muna cewa zubin gini, zubin waƙa, ma'ana yadda aka jera sassan abu. Zaman ƙwayoyin ne ya sauya, to zubi ke nan. Sai mu ce buɗaɗɗen zubi da tsukakken zubi, in zafi ko sanyi ne sanadi mu ƙara "ta dalilin zafi".

6/ Inda nake neman bakinku: ƙanƙara in ta narke, shi ma a Turance sunansa ɗaya da wannan. Shin ruwa na da zubi? Mutanen Damagaram da Sakkwato, yaya kunnenku ya ji ta?