Wane suna za mu raɗa wa "township" ta Amurka?

Jama'a, ina fassara wani rubutu kan gonakin Amurka, kalmar "township" ta tsaya mini a wuya. Na sa "gari" na goge, na sa "ƙauye" shi ma bai zauna ba. A kawo ɗauki.

— Malam, a duba jinjirin kafin a yanka rago, tagwaye ne. Ta farko ta 'yan safiyo ce. Da dokar filaye ta 1785 aka fara yanka ƙasa daga gabashin jihar Ohio ta yau, mil 6 tsawo mil 6 faɗi, a raba gida 36, kowane gida eka 640, gida na 16 a ware shi don makaranta. Ba ta da shugaba, ba ta da ofis, sai a taswira da takardar fili ake ganinta. Ta biyu hukuma ce a cikin kawunti, wato yankin mulki da ke ƙarƙashin jiha: a Ohio mutum 3 ake zaɓa su kula da ƙananan hanyoyi, maƙabartu da kashe gobara.

— To ai an gama. Kawunti ƙaramar hukuma, "township" gunduma. Gundumar safiyo, gundumar mulki.

— Ranka ya daɗe, rabin maganarka na karɓa. Ta mulkin a ce gunduma, ko da yake babu hakimi babu rawani, zaɓe ake yi. Amma Bahaushe in ya ji gunduma sai ya tambayi wa ke riƙe da ita, ta safiyon kuwa tana iya zama dutse da daji, ba ko bukka. Jihar Kaliforniya na da ta safiyo, ba ta da ta mulki. Pensilbeniya akasin haka. Abin da ke iya rabuwa haka bai kamata ya ci suna ɗaya ba.

— Kuma a kiyaye da abin da kunnenmu ya saba. Mu nan kalmar ta shigo da dokar Gwamna Lugga ta 1917, unguwannin da Bature ya ware a wajen birni, har yau akwai filin ƙwallo a Kaduna mai wannan suna. A Afirka ta Kudu kuma irin su Soweto ake nufi. Duk ba su ba ne.

— Hajiya, kin tuna mini. Mu da muka san awon igiya, ga su da awon sarƙa, don da sarƙa mai ƙafa 66 suka auna, 80 ta ba da mil guda. Har na so in ce "awon sarƙa", sai na ga aikin ya faɗa, bai faɗi filin ba.

— Ni dai "murabba'in safiyo" ya kwanta mini, ƙananan 36 ɗin kuma "gidan dara", don haka gonakin suke in ka leƙo ta tagar jirgi.

— Na gode, na rubuta: gunduma, murabba'in safiyo, gidan dara. Saura kawunti, don na ji gidajen rediyo na ce mata gunduma ita ma. A tawa fassarar ƙaramar hukuma zan bar ta.