Sayen gida da zama a Gembu: waɗanda suka zauna su gaya mana

Mai tambaya, daga Jalingo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a kan tsaunin Mambila, kuma da alama zaman zai yi tsawo. Muna da ɗan abin da muka tara. Shi yana ganin mu sayi gida mu huta da haya, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don ban taɓa zama a kan dutse ba. Don Allah wanda ya taɓa saye, ko sayarwa, ko zama a can, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Tsohon malamin firamare, Gembu:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki ce wa maigidan ya yi haƙuri ku kama haya, damina ɗaya ta wuce a kanku tukuna. A nan ruwa yakan sauka tun wajen Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ta yi nisa. Da rani kowane gida lafiyarsa ƙalau. A watan Agusta ne ake sanin wanda aka gina da gaskiya. Ni gidan da nake ciki sai da na je na tsaya a tsakar gidan ana tsaka da ruwa, na ga inda yake bi yana fita, sannan na biya.

Birkila:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in ɗora daga ɓangaren sana'ata. Hajiya, fili shimfiɗaɗɗe kaɗan ne a Gembu. Yawancin gidaje gangare ake sara a daidaita, a yi gini a wurin. To ki fara zagayawa bayan gidan, ɓangaren da tudu yake. Idan kin tarar an sare ƙasa tsaye an bar ta haka, babu katangar dutse da ta tokare ta, babu lambatun da zai karkatar da ruwan da ke gangarowa daga gidajen sama, wannan gidan aiki ne ke jiran ku. Na sha gyara irinsu. Akwai wanda aka kira ni, jar ƙasa ta zubo cikin dare ta danne bangon kicin har taga. Allah ya sa ba kowa a ciki.

Sai gindin bango daga ciki. Ki durƙusa ki shafa da hannunki, ki sa a ja gado ko kabad a ga bayansa. Idan fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, ruwa ne ke hawa daga harsashi, kuma fenti ba ya maganinsa. Idan kuma kin ga sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, ki tambayi dalili. Ki ɗaga kai ki duba silin ko akwai tabo, ki duba ko bakin kwano ya fito sosai ya rufe bango, domin ruwan nan da iska yake zuwa, a karkace yake dukan gini.

In kuma gini za ku yi da kanku, ku sani siminti, rodi da kwano duk daga ƙasa ake hawo da su, ta Bali da Serti, a zo Mayo Selbe a fara hawan dutse, a bi ta Maisamari da Nguroje kafin a iso. Kuɗin mota yana kan kowane buhu. Shi ya sa mutane da yawa ke gini da bulon ƙasa su yi shafe da siminti, kuma ni ban raina shi ba ko kaɗan. In an ɗaga harsashinsa da dutse, an yi masa rufi mai kyau, ya fi bulon siminti riƙe ɗumi. Katako kam akwai, itacen turare ya cika ko'ina. Sai dai a bar shi ya bushe kafin a ɗora, ɗanye yana murɗewa ya ja kwano.

Ma'aikaciyar jinya, ta zauna a Gembu:
Yaya, ni maganar zaman zan yi miki, don ke ce za ki wuni a gidan. Ki nemi wanda rana take shiga tsakar gidansa da safe. Na farko da muka zauna a cikin kwari yake, hazo ba ya tashi sai hantsi, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, takalma da akwatuna duk suka yi fumfuna. Yarana ba su rabu da mura ba sai da muka koma gidan da ke fuskantar gabas.

Ki tambayi ruwan sha tun kafin ki tambayi yawan ɗakuna. Abin mamaki ne a garin da ruwan sama ya yi yawa haka, amma gidan da ke can saman tudu da rani sai an gangara an ɗebo, kuma hawa da jarka ba wasa ba ne. Ku sa tanki ku tari na kwano. Wuta kuma ku shirya wa sola, da batir mai ƙarfi, don akwai kwanakin da rana ba ta leƙowa.

Abu ɗaya nake roƙon ki saboda abin da na gani a wurin aiki: komai sanyi kada ku kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Hayaƙinsa ba ya wari, mutum yana barci yake tafiya. Ku sayi barguna masu kauri.

Amma fa zaman akwai daɗi. Ba ruwanki da fanka, sauro kaɗan ne in an kwatanta da Jalingo, ga piya da ayaba da dankalin turawa da nono a sauƙaƙe. Har yau ina kewar shayin da ake nomawa a Kakara, a nan tsaunin, da safe.

Ɗan kasuwa, Nguroje:
Kowa ya yi maganar gini, ba wanda ya taɓo takarda, alhali nan ne ake kuka. Filaye da yawa a Mambila na gado ne, na dangi. Mutum ɗaya zai zo ya ce nasa ne, ka biya, ka fara zuba dutse, sai ƙannensa su dawo daga tafiya su ce ba da su aka yi ba. Ya faru da maƙwabcina, shekaru ana zuwa kotu, ginin yana tsaye iya taga ciyawa ta cinye shi. Ni da zan sayi nawa sai da na tara magada duka suka sa hannu, da jauro, wato mai unguwa, da maƙwabta na kowace kusurwa, aka zagaya iyaka da ƙafa aka kafa duwatsu. Kada ku yarda da "iyakar ita ce wancan turaren", gobe ana iya sare shi. Sannan takardar ciniki ba ita ce takardar mallaka ba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, don haka ku je ofishin filaye a duba, ku bi hanyar samun takardar gwamnati ko da za ta ɗauki lokaci. Maganar fili a tsaunin nan ta taɓa jawo asarar rayuka, ba a wasa da ita.

Dillali, Gembu:
Alhaji, ban musa ba, amma kada a tsorata baiwar Allah. Gidajen cikin gari da suka daɗe a hannun mutum ɗaya, kowa ya san na wane ne. Rigimar ta fi yawa a filayen bayan gari da ke haɗe da gona ko makiyaya. Hajiya, ku yi maganar la'ada tun farko, ku biya kuɗin gida ta banki a gaban shaidu.

Wanda ya sayar da nasa ya koma Yola:
Ni ta ɓangaren fita zan yi magana, tunda maigidanki ma'aikaci ne, wanda ya kawo shi yana iya ɗauke shi. Sayen gida a Gembu ya fi sayar da shi sauƙi nesa ba kusa ba. Garin ƙarami ne, masu kuɗi a hannu ƙalilan ne, kuma da yawansu sun fi son su gina nasu a filin gidansu. Nawa ya daɗe a kasuwa, kowa ya zo sai ya ce zai biya kashi-kashi, ko in ya sayar da shanu. Na sa ɗan haya, kuɗin hayar kusan duk a gyaran rufi da fenti yake ƙarewa, don gidan da ba mai shi a kusa danshi ba ya raga masa. A ƙarshe na sallama ƙasa da abin da na kashe.

Kuma idan wani ya ce ku saya da tsada saboda madatsar ruwan Mambila za ta ɗaga farashi, kada ku sa wannan a lissafi. Aikin wutar lantarkin nan tun muna yara ake maganarsa, an sake amincewa da kwangilarsa a 2017, har yau ba a ga wuta ba. In za ku saya, ku sayi madaidaici kusa da kasuwa ko bakin babban titi, shi ne mai saurin samun mai so.

Direban Jalingo zuwa Gembu:
Ƙarin abu ɗaya, Hajiya. Ku gwada ko mota tana kaiwa ƙofar gidan bayan an yi ruwa. Akwai unguwannin da jar ƙasar take santsi har mashin ba ya hawa, sai dai mu sauke kaya a bakin titi a ɗauka a ka. Ranar da za ku taso da kayan ɗaki ku fito Jalingo da asuba, a ɗaure komai da kyau a rufe da tamfol, ku hau dutsen da sauran rana.