Neman kalma: me za mu kira Sphinx na Giza? (kafin Juma'a)

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina gabatar da shirin yara a rediyo duk Asabar, ranar Juma'a da safe ake naɗa, ga shi yau Laraba kalma guda ta hana ni kammala rubutu. Shirin wannan mako a kan tsofaffin wuraren tarihi ne da yaranmu ke fara gani a katun da wasan bidiyo tun ba a kai ga koya musu a aji ba, na kuma zaɓi Giza ta ƙasar Masar. Dala ba ta ba ni wahala ba, da na ce dalar Giza an gane. Wanda ya tsaya mini shi ne ƙaton nan da ke kwance a gabanta, jikin zaki kan mutum, wanda Turawa ke kira Sphinx. Kuma ba ambato ɗaya zan yi in wuce ba, shirin kacokan a kan hancinsa ya ta'allaƙa. Yara sun gani a Aladdin na Disney, na 1992: masassaƙi yana kan aikin hancin, darduma ta gifta ta sama da mutum biyu a kai, ya bi su da kallo, hannu ya goce, hanci ya faɗo. Da yawa sun ɗauka haka aka yi. Ina so in gaya musu gaskiyar magana da sunan da za su iya maimaitawa a gida.

Abbati:
Wa alaikumus salam Anti. Mu a shagon gem Sifinkis muke cewa, duk mai bugawa ya san shi. Kada ki manta da Assassin's Creed Origins na kamfanin Ubisoft, 2017. A ciki za ki gan shi da hancinsa lafiya lau, har da fenti, saboda labarin a zamanin Kiliyofatra sarauniyar Masar yake. Kana iya hawa kansa ka tsaya, har wata ɓoyayyiyar hanya suka ƙirƙira mai shiga ƙarƙashinsa. A 2018 suka ƙara sashen Discovery Tour, ba faɗa ba kisa, yawo kawai ana yi maka bayani, shi ya fi dacewa da yara. Tomb Raider ta 1999 ma akwai matakin da Lara Croft ke shiga ƙarƙashinsa. In kika sa masa wani suna daban, yaro zai bincika a waya ya rasa.

Ɗan Azhar:
Hajiya, abin nan yana da suna tuntuni a bakin masu ƙasar. Abul Haul, wato uban firgici, a maganar yau da kullum Misirawa kan ce Abul Hol. Sai mu ƙara masa wasali a ƙarshe yadda muka saba, Abul Hauli. Duk ɗalibin da ya zauna Alƙahira da wannan sunan ya san shi, haka 'yan'uwanmu na Sudan.

Tunda a kan hanci shirin yake, ga abin da zai yi miki amfani. Ba da tubali aka gina shi ba, dutsen wurin aka sassaƙe. Tsawonsa kimanin mita 73, tsayinsa mita 20, yana fuskantar gabas. Galibin masana suna danganta shi da Sarki Kafra, kusan shekara 4,500 da suka wuce. Ki ce sarki, kada ki ce Fir'auna, don yara za su zaci na zamanin Annabi Musa (AS) ne. In mutum ya matsa kusa zai ga sauran jan fenti a fuskar, kuma a gurbin hancin akwai shaidar ƙarafan da aka kafa, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasan kafar hancin, aka ɓamɓare shi. Da gangan aka yi ke nan. Zancen cewa sojojin Napoleon ne suka harbe shi bai inganta ba: Napoleon ya shiga Masar a 1798, alhali zanen da Norden, mutumin Denmak, ya yi a 1737 ya nuna shi ba hanci. Maƙrizi, malamin tarihi na ƙarni na 15, ya rubuta cewa wani sufi mai suna Muhammad Sa'imud Dahri ne ya ɓata fuskar a 1378, da ya ga manoma na kai masa baiko don neman albarkar gona.

Baba Malami:
Salamu alaikum. Na koyar da Hausa har na yi ritaya, kuma abin da nake gani a nan shi ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum. Yaro ya ce Sifinkis, malami ya ce Abul Hauli. Ɗaya ya tafi Ingila ɗaya ya tafi Alƙahira, ba wanda ya leƙa rumbun gida. Harshen da ya kalli abin Bature ya ce jirgi mai saukar ungulu, shi ne zai gaza a kan zaki da kan mutum? Ni kalmata ita ce Mutunzaki. Gaɓa huɗu, ba wahalar faɗa, yaro na ji ya ga hoton a ransa. Jam'i mutunzakuna. Na daɗe da ajiye ta, yau ga ranarta.

Kai kuma malamin Azhar, in Larabci za mu bi, ka gaya wa jama'a yadda Larabawa ke kiran dala. Haram suke cewa, jam'i ahram. Da mun ara, da yanzu Hajiya na gaya wa yara a rediyo cewa akwai haram uku a Giza. Dala ce ta fisshe mu, kalmar gida.

Ɗan Azhar:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, haram ake cewa, amma da ha babba ake rubuta ta, ta haramci kuwa da ha ƙarami, kuma da jan wasali. Na yarda a kunnen Bahaushe ɗaya suke. Sai dai dala suna ne na siffa, duk abin da aka tula ya yi tsini dala ne. Wannan kuwa abu ne guda a wuri guda, kuma sunan yanka ba a fassara shi. Ba mu ce wa Nilu wani abu daban ba.

Na Ƙofar Mata:
Baba ya faɗi gaskiya a kan dala. Tun Turawa ba su sa ta a gem ba, mu a Kano muka tula buhunan gyaɗa muka yi tamu, har a hotunan tarihin Najeriya ita ake nunawa. Kuma ga Dutsen Dala a tsakiyar gari. Saboda haka in za a raɗa suna, daga Kano ya kamata ya fito, daidaitacciyar Hausa ai a kan tamu aka gina ta. Ni na ce Dodon Giza. Ya yi daidai da uban firgicin ma.

Ɗan Damagaram:
Yallaɓai, ka bar zancen Kano haka nan, Hausa ba ta da hedikwata. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, ta littafin Asterix muka fara ganin abin nan, wanda ya je wurin Kiliyofatra, na 1965, aka mai da shi katun a 1968. A littafin, Obelix abokin Asterix ne ya hau don ya hango gari, hanci ya karye a ƙarƙashinsa, suka binne shi cikin rairayi. Sai masu sayar da ƙananan kwaikwayonsa ga baƙi suka bi nasu suna sare hancin don su yi daidai da babban. Hajiya, ki sa wannan, yara za su so shi. Kuma ki tuna rediyo ba ya tsayawa a iyaka. Yadda Bafaranshe ke furta kalmar daban da na Bature Ingilishi, don haka Sifinkis ɗin Abbati ba kowa zai gane ba a nan wajenmu. Abul Hauli ko a Zinder ko a Zariya faɗa ɗaya ce.

Na Ƙofar Mata:
Hedikwata ko ba hedikwata, littattafan da kuke karantawa da wace Hausa aka rubuta su?

Ɗan Damagaram:
Da wadda aka daidaita, ba da wadda ake yi a Kantin Kwari ba. Mu ma muna da hannu a ciki.

Maman Hanifa:
Don Allah ku yi haƙuri, Juma'a na matsowa. Dodo kam ba zan sa ba. Yara 'yan shekara shida na saurare, kuma dodon tatsuniya mutane yake ci. So nake su yi sha'awar wurin, ba su kasa barci ba.

Malama Uwani:
Baba, da girmamawa, Mutunzaki na da matsala a ginin kalma. In ka haɗa suna biyu da -n, na farko mallakar na biyu ne, kamar gidan sarki. Abin da kunne zai ji shi ne mutumin zaki, wato abokinsa ko mai kiwonsa. Sannan jiki duka na zaki ne, kai kaɗai ne na mutum, ya kamata zaki ya zo a gaba. In kuma ka juya ka ce zakin mutum, ya zama kirari, jarumi kake yabo.

Akwai abin da ba a taɓo ba, jinsi. Mu dole mu zaɓa, ko shi ko ita. Na Giza namiji ne, fuskar sarki ce, har gemu gare shi, gutsattsarinsa na gidan tarihi a Landan da Alƙahira. Amma kalmar Sphinx ta Girkawa ce, kuma tasu mace ce mai fukafukai, wadda ta tare hanyar birnin Tebes na ƙasar Girka tana yi wa matafiya kacici-kacici: mene ne ke tafiya da ƙafa huɗu da safe, biyu da rana, uku da yamma? Wanda ya kasa ta halaka shi. Masu yin gem sun cakuɗa biyun. A Super Mario Odyssey na 2017 za ka ga mai siffar na Masar yana tare hanya yana tambayoyi, alhali na Masar ba a san shi da tambaya ba, gadi yake yi. In muka ari kalma ɗaya muka ɗora wa duka biyun, mun ari ruɗanin tare da ita.

Abbati:
Wallahi Malama haka ne, sai ka amsa yake ba ka hanya. Ni na zaci asalinsa ke nan. A Civilization VI kuma in ka zaɓi Masar gina su kake yi da yawa a filinka, ba guda ɗaya ba.

Baba Malami:
Malama, nahawun da kike faɗa ni na koyar da shi. Kalma in ta dunƙule ba a ƙara yi mata fiɗa. Wa ke jin farar hula ya tsaya neman hular? A yi ta faɗar Mutunzaki a rediyo wata uku ki gani in wani zai tuna da mai kiwon zaki. Abin da ya rage mana shi ne ƙarfin hali. Kullum sai mu jira wani ya raɗa, mu zo mu ƙara wasali mu ce mun Hausantar. Jikokina sun san sunan kowane abu a gem da Turanci, amma ka ce su kawo sunan sassan rijiya su yi shiru. Ni wannan ke damuna, ba Giza ba.

Malama Uwani:
Damuwarka tamu ce duka, Baba. Amma ƙirƙira ma sai jama'a sun karɓa. Jirgi mai saukar ungulu ya zauna, na'ura mai ƙwaƙwalwa kuwa kwamfuta ta ture ta a bakin mutane, duk da shekarun da gidajen rediyo suka yi suna faɗa.

Abu Sumayya:
Ni ban ga abin wahala ba. Gunki ne, a ce gunkin Giza. Kada a ƙawata wa yara abin da aka bauta wa.

Ɗan Azhar:
Ɗan'uwa, an bauta masa kam, ba a musu. A wani zamani Misirawa sun kira shi Horemaket, kuma tsakanin ƙafafunsa na gaba akwai allon dutse da Sarki Tutmos na Huɗu ya kafa wajen shekara 1,400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana cewa ya yi barci a inuwarsa, ya yi mafarki an yi masa alkawarin sarauta in ya kwashe rairayin da ya binne shi. Hajiya na iya faɗa wa yara wannan a fili, ta ce mutanen da ne suka bauta masa. Amma gunki jinsin abu ne, ba suna ba, Masar cike take da su. Tsumburbura ma da sunanta muke kiranta a tarihin Kano, ba wanda ya ce ambaton sunan yabo ne.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren Alhamis ne, dole in rufe. Ga yadda na rubuta farkon: "A Giza, kusa da Alƙahira, akwai wani ƙaton zaki mai fuskar mutum da aka sassaƙa daga dutse. Mutanen Masar na kiransa Abul Hauli, a gem da katun kuma za ku ga an rubuta Sphinx." Daga nan Abul Hauli zan riƙa cewa har ƙarshe, da shi, ba ita ba. Na ce fuskar mutum maimakon kan mutum, don kada wani yaro ya ga zaki ɗauke da kai a baki. Abbati, zan karanta musu haruffan Turancin ɗaya bayan ɗaya saboda masu bincike a waya. Ta Girkawa na bar ta sai wani makon, amma kacici-kacicinta zan ba su a ƙarshen shiri su turo amsa. Baba, zan faɗi cewa wani dattijo malamin Hausa ya ba da shawarar Mutunzaki, in tambayi yara ra'ayinsu.

Baba Malami:
To, ki naɗi shirinki 'yata, Allah ya ba da sa'a, zan saurara ranar Asabar. Amma ban yarda an rufe magana ba. Kun sama wa guda ɗaya suna, ba ku sama wa irinsa ba. A Luksor, can kudancin Masar, akwai hanya mai tsawon kusan kilomita 3 tsakanin haikalin Karnak da na Luksor, an sake buɗe ta a 2021, an jera irin waɗannan ɗaruruwa hagu da dama, wasu ma kan rago gare su. Yaron nan ya ce a gem ɗinsa da yawa ake ginawa. Ranar da za ki yi shiri a kan wannan, malamin Azhar ya ba mu jam'in Abul Hauli, Malama kuma ta gaya mana yadda zaki mai fuskar mutum zai yi da kan rago.

Malama Uwani:
Wannan kam Mutunzaki ma bai tsira ba, Baba, kan rago ba mutum ba ne. A buɗe masa zare daban bayan Asabar.