Burolana suna ci amma sun ƙi girma, firimis zan saya ko busta?

Baban Khalifa:
Salam 'yan uwa masu kiwo, dan Allah shawara nake nema. Ina da burola, wato kajin nama, guda 200 suna sati na huɗu yanzu, tunda buhun abincin kamfani ya yi tsada sai na koma haɗa nawa, masara da ƙuli-ƙuli da dusar alkama da ɗan waken suya da gishiri ana niƙa min a inji. To suna ci sosai wallahi amma jikin babu, ka ɗaga kaza ka ji ta sakayau, gashinsu duk a tashe, wasu ma sun fara zama a kan gwiwa ko wajen ruwa ba sa iya zuwa. Mai shagon magani ya ce in sayi busta, wato maganin ƙara girma, in dinga zuba musu a ruwa kullum, wani kuma ya ce firimis ne babu a haɗin, wato garin bitamin da ma'adinai da ake cuɗawa a abinci. Kuɗin hannuna ba yawa, wanne zan saya?

Mai Gona Funtua:
Wa alaikumus salam, Allah ya sa albarka a kiwon. Malam bar maganar busta tukunna, haɗin naka ne da giɓi. Burolar yanzu irin su Cobb 500 da Ross 308 cikin sati 6 ake so ta kai yanka, nama yana taruwa da sauri ya riga ƙashi ƙwari, kai kuma ban ga garin ƙashi ko laimiston (garin farin dutse mai kalshiyam) a lissafinka ba, to daga ina za ta samu kalshiyam da fosforas ɗin da zai ɗauki jikin? Shi ya sa suke durƙushewa. Firimis ɗin burola dole ne, a ciki bitamin D3 yake wanda in babu shi ko ka zuba garin ƙashi jikinta ba zai amfana ba. Yawanci kilo 2.5 ake sawa a tan ɗaya, wato giram 250 a kilo 100, amma ka duba jikin ledar.

Sai laisin da metiyonin, wasu sinadarai ne na cikin furotin da ake sayar da garinsu daban. Ƙuli-ƙuli yana da furotin amma waɗannan biyun sun yi ƙaranci a cikinsa, waken suya yana da laisin amma metiyonin ɗinsa kaɗan ne, kuma su ne ke gina tsoka da gashi. Ni ina sa wajen giram 200 na metiyonin da 150 na laisin a kilo 100, gishiri kar ya wuce giram 300. Kuma kar ka watsa su kai tsaye a tulin masara, ka fara cuɗa su da garin kwano ɗaya, sannan ka ƙara gari ka sake cuɗawa a hankali har ya game, in ba haka ba wata kazar ta cinye wata ko ƙwaya ba ta samu ba. Tambaya ɗaya, waken suyan nan kana soya shi kafin niƙa? Ɗanyensa yana hana kaza narkar da furotin.

Maman Ummi:
Duk abin da Alhaji ya faɗa haka ne. Ni abin da zan ƙara ka shinshina ƙuli-ƙulin da masarar da kyau, in sun taɓa jiƙewa ko kana jin warin funfuna to akwai guba a ciki mai lalata hanta, kaza ta yi ta ci ba ta ƙaruwa. Ina sa toksin bainda, wato garin da ke kama wannan gubar, duk sanda na haɗa abinci musamman da damina, amma wanda ya ruɓe sosai zubarwa ake. Lokacin zafi kuma Maris zuwa Mayu bitamin C da ilektirolait (gishirin da ke taimaka wa jiki riƙe ruwa) nake sa musu a ruwa mai sanyi tun da safe. Ina ɗan barbaɗa garin zogale busasshe ma, kaɗan fa, in ya yi yawa cin abincin ma raguwa yake, kuma ba ya maye gurbin firimis ko waye ya gaya maka.

Likitan Dabbobi Zariya:
Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci, gubar nan aflatoksin sunanta, a 1960 ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila kuma ta tunkuzar gyaɗa ta shiga abincinsu. Maganar busta kuma ina roƙonka ɗan uwa ka karanta abin da ke rubuce a jiki kafin ka biya. Wasu bitamin ne zalla, waɗannan babu laifi na kwana kaɗan. Wasu kuma an gauraya su da antibayotik irin su oksitetrasaikilin, bai wa kaza wannan kullum ba tare da ciwo ba yana sa ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ranar da ciwon gaske ya zo ka ba da magani ya ƙi ci, sannan saura yana zama a naman da yaranmu za su ci in ba a kiyaye kwanakin dakatarwa kafin yanka ba. Tarayyar Turai tun 2006 ta hana sa antibayotik a abinci don ƙara girma. Abin yana damuna sosai yadda ake sayar da shi a kasuwanninmu ba tambaya.

Sannan ba kowane gurguncewa ba ne na abinci. In ka ga kashin jini, ko murɗewar wuya, ko kumburi a gwiwa, ka kai guda biyu asibitin dabbobi mafi kusa a duba. Ka yi musu rigakafin Gumboro da Lasota kuwa?

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Likita rigakafin duk na yi, kashinsu ma lafiya lau. Waken ne dai ɗanye ake niƙawa. Gobe in sha Allah zan nemo firimis da garin ƙashi da sauran. Waɗanda suka riga suka durƙushe fa za su tashi?

Mai Gona Funtua:
Ka ware su gefe guda, abinci da ruwa dab da bakinsu, shimfiɗar ta zama busasshiya. Waɗanda abin bai yi nisa ba sukan miƙe, wanda ƙafarsa ta riga ta karkace kam da wuya. In da hali ka sayi ko buhu biyu na finisha na kamfani, wato abincin matakin ƙarshe kafin yanka, ka riƙe su da shi kafin sabon haɗin ya kammala, kuma kar ka sa ran sati 6, ka ba su har 8.