Taƙaitawa kan sa idon jami'an kwastan a ƙananan iyakoki

Jama'a, ga abin da na tsamo daga tattaunawar da aka yi kan yadda jami'an kwastan za su daƙile fasa-ƙwauri, musamman don 'yan kasuwarmu na Dawanau da Singa masu bin Maigatari da Kwangwalam da Jibiya, a kan iyakar Najeriya da Nijar.

1. Kusan kowa ya yarda ɓarnar ba a ƙofar iyaka take ba, a hanyoyin daji take. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, da rani babur ɗaya kan ɗauki buhun shinkafa mai kilo 50 har uku ya kewaye shinge. Maganinta sintiri mai sauya lokaci, da jawo masu unguwanni a jiki, don su suka san baƙon babur.

2. Bincike: a gwada takarda da kaya, a ƙirga buhuna, a soki na tsakiyar mota, ba na baki kaɗai ba. Shinkafar waje akan juye ta cikin buhun gida, fetur kuma a jarkoki ƙarƙashin kaya ko a tankin da aka faɗaɗa. Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, a ƙaro ma'aikata.

3. An rabu kan daɗewar jami'i a wuri guda. Wasu sun ce shi ya san hanya, wasu sun ce sabo ke kawo kau da kai. Ni ina tare da na biyun.

4. Rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ma an sha bamban: manoman shinkafa sun yaba, fatake sun ce fasa-ƙwauri daji kawai ya koma.

Wanda ya biya haraji ya karɓi rasiti, ya riƙe shi har Kano, domin akwai shingaye a gaba.